Baƙo a Ingila da harbin faifai mai giftawa

A karkarar Ingila, filin harbin faifai (ɗan faifan da inji ke cillawa sama a harbe shi da bindiga) dandali ne na safiyar Lahadi, kuma nan baƙo ke saurin sabawa da maƙwabta. Ba sai kana da lasisi ba: dokar makamai ta 1968 ta yarda ka harba da bindigar aro a filin da 'yan sanda suka amince da shi. Mallakar taka kuwa sai da takardar izini ta shekara 5 da akwatin ƙarfe kafe a bango. Ana yawo da bindiga ne ramin harsashinta a buɗe, ba harsashi, kunne a toshe, ido da tabarau. In aka miƙo maka burodin safe, tambayi naman ciki, galibi na alade ne.

Faifan da ke ba sabon shiga wuya shi ne mai giftawa ta gabansa. Faɗinsa milimita 110 ne, yana gudun wajen mita 20 a daƙiƙa. Kafin ƙwayoyin dalmar da ke cikin harsashi su kai mita 30, ya ƙara gaba da kusan mita 2. Wanda ya saita a kansa, bayansa zai harba.

Kafin ka kira a sako faifai, tsayar da wuri uku: inda ido zai fara kama shi, inda bakin bindiga zai jira, da inda za ka fasa shi. In kai badame ne, ƙafar hagu ta fuskanci wurin fasawar. Daga nan ka juyo da bindiga kamar rabin hanya zuwa injin. In ka matsa kusa da injin, faifai zai wuce ka, ka bi shi a gaggauce. In ka yi nisa, bindiga a tsaye za ta tarye shi.

Salon da CPSA, ƙungiyar masu harbin faifai ta Ingila, ke koyarwa ya fi dacewa da mai koyo: ɗora bakin bindiga a kan faifai, ku tafi tare, ja gaba, danna kunama bindiga na tafe. Ƙugu ke juyawa, ba hannu ba. Babban ɓarna shi ne duban bakin bindiga don auna tazara, domin ido na barin faifai bindiga ke tsayawa. Ɗaga kunci daga katakon gindin bindiga kuma sama yake kai harbi.

Harsashi mai dalma giram 24 ko 28, girman ƙwayoyi lamba 7.5 ko 8, ya wadatar. In kana kuskure a gefe guda kullum, sa malamin filin ya gwada maka wane ido ne ke rinjaye.