Godiya ga duk wanda ya yi min baiti

Assalamu alaikum. Jama'a, kun yi yawa, ba zan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na haɗa godiyar wuri guda.

Da cikata shekara 60 ta ƙarato, na ja wa yara kunne kada kowa ya kashe ko sisi a kaina. Ashe ƙanwata ta zagaya ta bayan gida, ta bi 'yan uwa da tsofaffin ɗalibaina, ta ce kowa ya rubuto min waƙa ko da baiti ɗaya ne. Hujjarta wai ranar haihuwata, 21 ga Maris, ita ce ranar da UNESCO ta keɓe wa waƙa tun 1999. Sai ga ambulan an miƙo min, cike taf da takardu.

Aminina tun na firamare, kai kam ka yi bajinta. Ƙwar biyar ka yi, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar, har baiti bakwai, babban amsa-amon da ke rufe kowane baiti bai kuɓuce maka ko sau ɗaya ba, ga kari yana tafiya daidai kamar sukuwar doki. Ɗalibina da ya jera haruffan sunana a farkon kowane ɗango, na gani, Allah ya yi albarka. Wanda kuma ya kwaso tasa daga intanet ya sauya suna kawai, na gane ka, amma na yafe, tunda ka tuna da ni.

Wadda ta gama da ni ita ce ta jikata 'yar shekara tara. Ɗango huɗu ne da fensir, ta yi ta gogewa har takardar ta kusa hujewa. Karin a karye yake, amsa-amo kuwa ko ƙyallinsa babu. Cewa ta yi kakanta yakan birkice ɗaki yana neman tabarau alhali yana bisa goshinsa, kuma idan yana karanta mata labari shi yake riga ta yin barci. Shekara talatin na yi ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin irin wannan karyayyen kari. Ranar dai hawaye bai bar ni na kai ɗango na huɗu ba, uwarta ce ta ƙarasa min.

Takardun duk na adana su tare da takardun shaidata. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Ke kuma ƙanwata, taki ranar na nan tafe, har na fara ƙirga gaɓoɓi.