Daga Circle zuwa Aboabo, wurin matan Zumunta

Motar VIP ta ɗauke mu daga Circle, a Ankara kamar yadda mutanen Zango ke kiran Accra, wajen ƙarfe bakwai na safe. Zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, amma mai lissafi da nisa kaɗai zai makara. Cunkoson fita gari ta hanyar Nsawam da na shiga ta Ejisu su ke cinye lokaci, shi ya sa ake ware awa shida. Muka sha ruwa a Bunso, muka wuce Nkawkaw da Konongo, muka sauka Asafo. Daga nan tasi zuwa Aboabo.

Unguwa ce ta Musulmi galibi. Matan Zumuntar da na je wurinsu, wato ƙungiyar mata Kirista, ajin wata makaranta suke ara ranar Laraba da yamma. Akwai Frafra, akwai Kusasi, ƙabilun arewacin Ghana, akwai wasu daga Jos da Kaduna, Hausa ce ta haɗa su. Ƙarfe shida da rabi suke farawa, bakwai da rabi a tashi, ko mai wa'azi ta gama ko ba ta gama ba.

Na tambayi Uwar Zumunta dalilin wannan tsauri. Ta ce, "Ɗiyata, dubi mai kokon can. Tun jiya ta jiƙa gero, yau ta kai niƙa da citta da kanumfari da barkono, ta tace. Ƙarfe uku na dare za ta ɗora ruwa. In na riƙe ta zuwa tara, kokon wa za a sha?" Abin da ya kashe musu addu'ar kwana ta kowace Juma'a ke nan: Asabar ce ranar ciniki a kasuwar Kejetia, wadda ta kwana tana waƙa kuwa sai ta yi ta kuskuren canji. Yanzu sau ɗaya suke yi a wata, an raba dare kashi biyu, mai aikin dare a asibiti kuma ba a sa ta a jeri.

Azumi ma sun yi masa gyara. 'Yan matan da ke dakon kaya a kasuwa, masu babban kwano a ka, da masu ciki da masu ciwon suga, zuwa sha biyun rana ne nasu, da ruwa. Kafin haka, an sha ɗauko yarinya a sume tsakiyar rana.

Inda suka fi daɗewa da ni shi ne maganar kuɗi. Baikon ibada daban, adashi daban, wanda a nan ake ce wa susu. Littafi biyu, hannu biyu: mai rubutu ba ta taɓa kuɗi, mai ajiya ba ta rubutu, kuma a gaban kowa ake ƙirgawa. Abin da ke ɓata tsarin shi ne MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Zubin mutum goma sha biyar ya faɗa wayar mace ɗaya, ya gauraya da jarinta, ran kwasa a rasa na wane ne. Sai suka sayi layi na Zumunta kaɗai. A ganina wannan layin ya raba rigima fiye da wa'azi goma.

Karatun ranar daga Luka sura 10 ne, Marta da Maryamu. Wata mai sayar da atamfa ta ce ita dai ta gaji da a riƙa ɗora wa Marta laifi, ai wani ne zai dafa wa baƙi. Aka yi dariya. Uwar Zumunta ta kai su Ayyukan Manzanni sura 16, wurin Lidiya mai fataucin jan tufafi, wadda aka same ta wurin addu'a a bakin kogi ta kuma sauki su Bulus a gidanta.

Bakwai da rabi na cika aka tattara wayoyi daga cikin kwandon da ke bakin ƙofa. Mai koko ce ta fara fita, gasararta na jiranta a gida.