Na shiga otal ɗin Nungwi ta ƙofar baya

Ni ɗan 'yan gwari ne. Mahaifina ya shekara talatin yana sayar da tumatir da tattasai a kasuwar 'Yankaba, shi ya sa duk garin da na sauka, kafin in tambayi gidan tarihi sai na tambayi inda ake sauke kwanduna. Mai ɗakina ta ce wannan ciwon nawa ba shi da magani. Da aka tashi daga taron da ya kai ni Darussalam, na ga ina da sauran kwana huɗu, sai na yanki tikitin jirgin ruwa na tsallaka Zanzibar.

Tafiyar awa biyu ce, kuma ban ji daɗinta ba. Bakano da teku sai a hankali. A tashar jirgi aka karɓi fasfona aka duba kamar na shigo wata ƙasa, ko da yake tun 1964 Zanzibar da Tanganyika suka haɗe suka zama Tanzaniya. Direban da na samu a bakin ƙofa, saurayi ne da bai wuce ɗan cikina ba, yana ɗaukar jakata ya ce mini "kaka". Na shafa gemuna, na ce har tsufan ya kai haka? Ashe a Swahili yaya ke nan. Kwana uku muna tare, shi ne direba, shi ne tafinta.

Daren farko na yi abin da kowane baƙo ke yi. Na bi lungunan tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, na ɓulla Forodhani a bakin ruwa, na ci tsirensu da suke kira mishkaki, na kora da ruwan rake mai citta. Tsiren bai kama ƙafar namu ba, babu ƙuli. Washegari aka kai ni gonar kayan ƙamshi a Kizimbani, inda wani yaro ya ɓare ɓawon kirfa ya sa mini a hanci, ya nuna mini kanumfari a jikin bishiyarsa, ɗanye, ja-ja. Tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya dawo da fadarsa nan wajen 1840, kanumfari ne arzikin tsibiran nan, kuma yau mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake fitowa. Gonar ta yi kyau, amma ta kallo ce. Ni gonar ci nake nema.

Sai na ce wa direba ya zo ya ɗauke ni bayan asuba. Ya ce to, ƙarfe goma sha biyu. Muka ɗan ja kafin in gane cewa su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, sha biyunsu shida ce tamu.

Kasuwar Mwanakwerekwe a bayan gari take, kuma ina shiga na ji kamar a gida. Warin ruɓaɓɓen kabeji, 'yan dako suna "hanya, hanya" da yarensu, laka har idon sawu. Na riƙa tsayawa gaban kowane tuli ina sa direba ya tambaya daga ina. Dankalin Turawa daga Njombe. Shinkafa daga Mbeya. Karas da kabeji daga Lushoto. Albasa ma daga can babban yankin Tanzaniya, inda waɗannan garuruwan suke, duk sun kwana a mota sun kuma hau ruwa. Abin da aka ce mini na nan ne, rogo, ayaba, kwakwa, alayyafo, kankana, yalo, sai wani kaso na tumatir. Tsibiran da mutanensu ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2022, baƙi sama da dubu 600 suka sauka a cikinsu a 2023, kowa da bakinsa, amma yawancin abin da ke shiga bakin nan daga ƙetare ake kawo shi.

A nan na ji wata kalma da ba ta buƙaci tafinta ba: dalali. Wani mai ƙiba ne da waya biyu a hannu, yana zaɓar tumatir ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a akwatin roba, duk girmansu ɗaya, babu tabo. Na otal ne, in ji shi, Nungwi zai kai, can bakin teku a arewacin tsibirin. Na roƙa ya bari mu bi motarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yarda.

Na taso da ƙin dillali, gaskiya. A gidanmu sunansa mai cin gumin wani. Da wannan zuciyar na bi shi.

Bayan mun wuce gonakin raken Mahonda ya ratse cikin wata gona don ya cika lodi da kokwamba da koren tattasai. Mai gonar dattijo ne, na gaishe shi da shikamoo yadda aka koya mini, ya amsa da marahaba. Gonar ba ta fi kadada guda ba. Yana da rijiya, da tankin roba a kan dandamali, da siraran bututu kwance a kunya suna ɗigar da ruwa a gindin kowace shuka. Na tsuguna na tona ƙasar da yatsa: ja ce, mai danshi, irin wadda manomin Kadawa zai yi wa kwaɗayi. Na tambaye shi, Baba, ga otal-otal can tafiyar da ba ta kai awa guda ba, me ya hana ka kai musu da kanka ka cinye ribar?

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce ya taɓa gwadawa. Sun karɓi kaya, sun ba shi takarda, suka ce ya dawo ƙarshen wata. Ƙarshen wata aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kuɗin bai fito ba sai da wata na uku ya kama, alhali mai taki da mai fetur ɗin injin ban-ruwa ba su san wata takarda ba. Sannan otal ba ruwansa da yanayi. Abin da ya karɓa ran Litinin shi yake so ran Alhamis, mudu ɗaya, girma ɗaya, shekara ta zagayo. Shi kuwa idan ruwan masika, wato babbar daminarsu, ya sauko daga Maris zuwa Mayu, tumatir ruɓewa yake a tsaye, idan rani ya tsananta rijiya ta ja baya. Rana ɗaya ka gaza, an kira wani. Ya nuna dillalin da haɓa ya ce wannan yana karya mini farashi, amma kafin motarsa ta bar gonar nan kuɗina na aljihuna. Ya ce yana cikin ƙungiyar manoman kayan lambu da ake kira UWAMWIMA, suna ƙoƙarin haɗa kaya wuri ɗaya su riƙa shuka bi da bi don kada kowa ya nuna rana ɗaya, sai dai haɗa kan manomi, ya girgiza kai. Wannan girgiza kan na san shi tun ina yaro.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Jar ƙasar ta ƙare, sai tsakuwa da farin dutse da guntayen itatuwa. Abin da na lura da shi ke nan: ƙasar noma tana yamma da tsakiyar tsibirin, farin yashin da Turawa ke biya don su kwanta a kai yana arewa da gabas, inda ko ruwan sha sai an yi da gaske.

Otal ɗin ba ta ƙofar da ake rataya wa baƙi fure muka shiga ba. Ta baya muka bi, wajen janareta da tulin kwalabe. Mai kula da sito ya fito da sikeli da littafi. Ya buɗe akwati yana juya kowane tumatir a tafin hannunsa kamar mai sayen zinariya, wanda ya ɗan fashe ko ya yi laushi ya ajiye gefe. Kafin a gama, akwati guda cur ya koma mota. Dillalin bai ce uffan ba. Shi ma takarda aka ba shi, ya ninke ta ya tura cikin wata jakar leda da ta riga ta kumbura da irinta. A hanya ya gaya mini otal bakwai yake bi bashi, kuma idan manomansa suka gaza, da tsakar dare yake buga waya Darussalam a ɗoro masa a jirgin safe, ko da zai faɗi, don kada ya rasa ciniki. Na leƙa cikin siton kafin mu fita: cuku da man shanu da taliya da gwangwanaye, rubutun jikinsu duk na ƙasashen waje.

Na zagaya gaba na sha shayi, don in ga inda tumatirin ke ƙarewa. Yana can a faranti an yanka shi siri-siri, wata Baturiya tana ɗaukarsa hoto, teku a bayanta shuɗi kamar an zuba bula. Kuɗin shayin nan zai sayi rabin akwatin da aka mayar.

Akwatin kuwa bai yi asara ba. A bakin hanya, cikin ƙauyen Nungwi, dillalin ya tsaya gaban wata mata mai dafa wa ma'aikatan otal abinci, suka yi ciniki a tsaye ta ƙirga masa kuɗi a hannu. Ta sa muka zauna a benci, ta zubo mana shinkafa da miyar kifi mai kwakwa. Na ɗauki tumatir ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙi, na goge a rigata na gatsa. Da a 'Yankaba ne, mahaifina a saman kwando zai ɗora shi.