Saita shokozoba mai zare don titunan Kaduna

Abin da ya bambanta shokozobar coilover da wadda mota ke fitowa da ita daga kamfani shi ne zaren da ke jikinta, domin sifirin yana zaune ne a kan zobe, kuma idan aka juya zoben da sifana mai ƙugiya sai motar ta ɗaga ko ta sauka. Kamfanoni irin su KW da Bilstein na Jamus, da Tein na Japan, suna ƙera wasu da ake iya canza ƙarfinsu ma.

Yawancin matasan da ke sayenta burinsu motar ta kwanta ƙasa, amma a ganina milimita 20 zuwa 30 sun isa ga wanda zai bi titin Ahmadu Bello da safe, ya shiga lungunan Rigasa da yamma. Idan ta zoben sifirin ake saukar da motar, duk abin da aka rage an ɗebe shi ne daga tazarar da shokozoba ke da ita kafin ta bugi robar tsayawa, don haka ramin da damina ta haƙa zai doki jikin motar kai tsaye, salansa da kwanon baƙin mai kuwa su riƙa gogar tudun rage gudu. Wadda ake rage tsawonta daga gindi ta fi sauƙin wannan matsala, sai dai ba ta hana ƙasan mota gogar tudu.

A fara da tsayi, a kan shimfiɗaɗɗen siminti marar gangare, iskar tayoyi daidai, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya. A zagaya da motar kaɗan a sake aunawa, saboda sifirin yakan zauna. Kusoshin da ke riƙe bushin roba kuma kada bakanike ya ƙarasa ɗaure su motar tana kan jak, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Ƙarfin shokozoba ana saita shi ne da maɓallin da ake juyawa a jikinta, ana ƙirga juyin daga inda maɓallin ya rufe gaba ɗaya, hagu da dama su zama ɗaya, a canza kaɗan-kaɗan. Saitin ƙafa shi ne na ƙarshe, tunda sauya tsayi yana karkatar da tayoyi. Zaren kuma yana buƙatar wanki da ɗan giris, domin ƙurar hunturu da lakar damina suna sa zoben ya cije.