Yadda Na Kai Yarana Kalan Gyaɗa

Abin ya faro ne daga aikin gida na makaranta. 'Yata ta tsakiya, mai shekara tara, ta kawo mini littafin Turanci mai hotunan yanayi huɗu na ƙasashen Turai, ta ɗora yatsa a kan wanda ganyaye suka yi ja suna zuba, ta ce, "Umma, mu yaushe muke yin wannan?" Na ce mu namu sunansa kaka. Auta na gefe ya ɗago kai ya ce, "Kaka ta ƙauye?" Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Yara uku, haihuwar Kano girman Kano, babu wanda ya taɓa ganin an ɗaure damin gero, alhali mahaifina manomi ne a wani ƙauye gefen Ɗambatta, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ba ma zuwa sai da Sallah, mu wuni mu juyo.

Da hutun tsakiyar zango ya zo a ƙarshen Oktoba, na roƙi maigida ya bar mu mu yi kwana uku. Har takarda na rubuta: ranar farko zagayen gona, ta biyu koyon sunayen amfanin gona, ta uku ɗaukar hotuna. Da na karanta wa Baba a waya, sai ya ce, "To, malama. Allah ya kawo ku lafiya."

Ranar farko ta tashi a banza, kuma laifina ne. Sai da muka huta muka ci muka sha, wajen ƙarfe sha ɗaya, sannan na tasa su gaba zuwa gona. Na manta cewa ranar kaka ba ta da wasa; ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai sauko ba, babu abin da ke tare ta. Ga su da silifas, ƙarangiya ta manne musu a wando da ƙafa, Auta ya tsaya cak yana kuka. Babban kuwa, ɗan shekara goma sha biyu, ya ga 'ya'yan kawunsa na ɗaukar dami zuwa rumbu, ya tuɓe riga shi ma ya saɓa ɗaya. Kafin la'asar ƙaiƙayi ya kama shi daga wuya har gadon baya, yana susa kamar zai yage fata. Inna ta sa aka yi masa wanka, tana shafa masa man kaɗanya tana tsiya: "Wannan mijin nawa rago ne, dami ɗaya ya kayar da shi. Na fasa auren." Da daddare duk ukun suka ce gobe a koma gida.

Baba ne ya gyara lamarin, ba tare da ya ce mini komai ba. Bayan sallar asuba ya tashe su, aka sha koko, ya miƙa wa kowa kwano da tsohuwar fartanya, ya kai su gonar gyaɗar da aka riga aka cire. Ya ce, "Duk abin da kuka tono, naku ne. Ko ni ba ni da haƙƙi a ciki." Kala ke nan, wanda mu ma muka yi muna yara: idan an tuge gyaɗa, wasu 'ya'yan kan tsinke su zauna a ƙasa, yara da mata su bi su tsince.

Ban taɓa ganin yarana sun yi shiru na awa biyu babu waya a hannu ba sai ranar. Ta tsakiyar ta tono wata saiwa da aka tsallake, ta kawo wa Baba da tambayar yadda aka yi gyaɗa ta shiga ƙasa. Ya tsuguna ya nuna mata: furen, ɗan rawaya, a sama yake fitowa, idan ya bushe sai wani siririn tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya huda ƙasa, a bakinsa kwanson ke ƙulluwa. Ta riƙa jujjuya shi a hannu tana bin kowane tsinke da yatsa har zuwa kwansonsa. Ni da na zo da takardar koyarwa, a nan na ninke ta na sa a jaka. Yaro ba ya son a zagaya da shi gona kamar baƙo. A ba shi aikin gaske, daidai ƙarfinsa, wanda zai ga sakamakonsa a cikin kwanonsa.

Doka ɗaya Baba ya kafa, fuskarsa babu wasa: kada kowa ya sa hannu a ƙarƙashin tarin kara ko harawa, sai an fara ɗaga shi da sanda. Kaka lokacin saran maciji ne, kububuwa na son irin wannan maɓoya, ga kunama. Idan tsautsayi ya afku, asibiti za a nufa kai tsaye, ba tsaga ba, ba ɗaure ƙafa tamau ba. Wannan karon kowa na da takalmi mai rufi, aro daga 'ya'yan Kawu.

Da hantsi ya ɗaga muka koma inuwar gawo. Aka tara busasshiyar ciyawa aka babbaka wani abu daga cikin gyaɗar, ana tonowa daga toka ana hurawa, baki da hannu duk baƙi. Kawu ya saro musu takanɗa, suka yi ta musu da shi wai rake ce ta rame.

Da yamma aka ci gaba da kwasar gero, dawa kuwa tana tsaye tukuna, sai gaba. Baba ya ba Babban aikin ƙirga, da rigarsa a jiki: duk dami tara ya wuce rumbu, na goma a ajiye gefe. Da ya tambayi dalili, aka ce masa zakka ce. Abin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa. Na ban-ruwa da wahala kuwa rabin haka. Ya karanta wannan a Islamiyya, har ya ci jarrabawa a kai, amma sai da ya ga an ɗora damin a kan jaki an nufi gidan wata tsohuwa da shi sannan ya ce, "Au, ashe haka ake yi."

Dare bai buƙaci shirina ba ko kaɗan. 'Ya'yan Kawu suka koya musu fere ɓawon kara su haɗa mota da totuwarsa, Inna ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," Auta ya yi barci kafin Gizo ya gama dabararsa.

Mun dawo Kano da ƙunar rana a fuska da gyaɗar kala kusan kwano biyu, wadda suka hana ni taɓawa. Babban ya sayar mini da kasonsa, har da ciniki. Ta tsakiyar ta ware ƙwaya ashirin a kwalba, wai iri ne, za ta shuka a tsohon bokiti idan damina ta faɗi. Shekaranjiya Baba ya bugo waya cewa an kusa yankan dawa, kuma ya faɗo daidai makon jarrabawarsu. Har yanzu muna ja-in-ja da babansu a kan ko za mu tafi ranar Asabar da asuba mu dawo Lahadi.