Albasa, sidi da sefa: abin da na gaya wa masu shafin kwatanta kuɗin aike

Sana'ata albasa ce. Daga Nijar nake sayo ta, galibi 'yar Galmi, ta ratso Burkina Faso ta shigo Gana ta Paga, a sauke mana ita a kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan garin Ankara, babban birnin Gana, inda aka mayar da mu a 2021 bayan an tashe mu daga Agbogbloshie. Mai kallo daga nesa yana ɗauka wahalar sana'ar nan duk a hanya take, sai kuma ruɓewar kaya. Akwai su kam. Amma abin da ke cin riba a ɓoye shi ne biyan kuɗi: ni sidi nake karɓa a hannun mata masu sari, wanda ya loda mini kaya kuwa sefa yake so, kuma a tafin hannunsa.

Sefa a ɗaure take da yuro, sidi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. A 2022 ya faɗi warwas, a 2025 kuma ya farfaɗo cikin 'yan makonni. Kana iya yin ciniki da hantsi, kafin la'asar lissafin ya sauya.

Shi ya sa da wasu samari 'yan unguwar Nima suka zo da shafinsu na intanet, wanda ke jera kamfanonin aika kuɗi da abin da kowanne ke caja, ban yi musu rowar lokaci ba. Sun roƙi mu gwada mu faɗa musu gaskiya. Abokan sana'ata suka kasu biyu: masu cewa "Ya yi kyau, Allah Ya yi albarka," da masu cewa duk ƙarya ce. Ɗaya daga cikin yaran ya ce mini, "Baba Alhaji, mun gode da addu'a, amma har yanzu ba mu san inda za mu gyara ba." Gaskiyarsa. Yabo da kushe duk ɗaya ne a wurin mai gyara muddin ba a nuna masa wurin ba.

Sai na buɗe littafin lissafina. Duk aiken da na yi, na rubuta musu ranar da lokacin, nawa na bayar da sidi, nawa shafinsu ya ce za a karɓa, nawa kuma mutumina ya ƙirga a Birnin Ƙonni. Na sa ɗana ya ɗauki hoton fuskar wayar da na rasit, bayan ya rufe sunaye da lambobi.

Babban abin da ya fito shi ne sun jera kamfanonin bisa kuɗin aike kawai. Wanda ya rubuta "kyauta" shi ke sama. Alhali a farashin canji yake yankar rabonsa, kuma ga mai tura kuɗin mota guda ta albasa, ɗan bambancin canjin nan ya fi kuɗin aiken zafi nesa ba kusa ba. Na ce musu, "Yarana, ku jera su bisa abin da zai isa hannun mai karɓa, shi ke nan." Na ƙara da cewa su rubuta lokacin da suka sabunta farashi a jikin kowane layi, domin farashin jiya ba ya sayen albasar yau.

Akwai kuma E-Levy, harajin da gwamnatin Gana ta taɓa ɗora wa tura kuɗi ta waya da intanet, da suka bar shi cikin lissafin MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu. An fara karɓarsa a watan Mayun 2022 a kan kashi 1.5, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a watan Afrilun 2025. Wannan ko gardama ba su yi ba, a ranar suka cire.

Inda muka ja da su shi ne girman kuɗi. Sun ce sun bi tsarin Bankin Duniya, wanda ke auna tsadar aika dala 200 da dala 500. Wannan awo na mai aika wa iyali kuɗin cefane ne. Ɗan kasuwa yana cin karo da iyakar abin da za a iya turawa a rana, ga kuma wakili a can ƙauye da ba shi da tsabar da za ta isa ya biya, sai mutuminka ya yi ta safa da marwa mota na jira. Rahusa ba ta da amfani a gare ni idan kuɗin zai kwana a hanya.

Jerin kam sun gyara, sun kuma sa lokacin sabunta farashi. Batun iyaka da tsabar wakilai sun ce sai sun samu masu kawo musu rahoto daga can, na haɗa su da direbobi biyu da ke bin hanyar. Kafin wannan ya kammala, ina duba shafin da safe, sannan in kira mai canjina a Tudu in ji nasa farashin kafin in tura.