Littattafan da na saya da kuɗin adashi suka sa 'yata kuka a gasar makaranta

Har yanzu in na tuna abun nan raina ɓaci yake, wata huɗu kenan amma bai sake ni ba. Na ɗauki adashi, na ce wannan karon ba atamfa ba kayan kicin, littattafai zan saya wa yara saboda wayata ta zama abun faɗa a gidan, kowa so yake ya kalli katun. Ina son na kimiyya da na tarihi, irin masu hotuna ɗin nan, don babbar 'yata tana aji biyar na firamare kuma tambaya gare ta kamar me, ƙaninta kuma shekararsa bakwai.

A bakin titi na gansu wajen wani mai tsofaffin littattafai, jeri guda sha biyu, bango mai kauri, takarda mai sheƙi, duk kala ɗaya kamar an jera su a ofishin lauya. Ya ce min Hajiya waɗannan daga Ingila suka zo, ilimin duniya kaf yana ciki. Na ɗan buɗe na ga hoton aman wuta da hoton ƙwarangwal ɗin mutum, na yi ciniki na biya, ko minti goma ban yi ba. Ni da nake juya tumatir ɗaya bayan ɗaya kafin in saya, amma abun da zai shiga kan yarana ban juya ba.

Yarinyar ta rungumi na sararin samaniya, da shi take kwana. Ta haddace sunayen duniyoyin da ke kewaya rana tas, tana jero min su ina tuƙa tuwo, ina ta jin daɗi ina cewa kuɗina sun yi albarka. Sai aka saka ta a gasar kacici-kacici ta makarantarsu, aka tambaya duniyoyi nawa ne suke kewaya rana, ta ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa ta ce tara. Aka ce ta faɗi, takwas ne. Ita kuma ta tsaya musu a gaban mutane, tana cewa a littafinta tara ne har da Fuluto, yara suka yi mata dariya, ta dawo gida idonta ya kumbura ta jefa min littafin a cinya ta ce Umma littafinki ƙarya yake yi.

Da dare bayan sun yi barci na zauna na bincika. Ashe tun watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro a birnin Farag ta cire Fuluto daga jerin manyan duniyoyi, ta mayar da ita sahun ƙanana. Tun 1930 da aka gano ta ana cewa tara, har ni haka aka koya min, shi ya sa da tana jero min su ban ji komai ba daidai ba. Sai na buɗe shafin nan na bayan bango, mai ƙananan rubutu da ba wanda yake karantawa, na ga 1983. Littafin ya girme ni wallahi.

Daga nan na ɗauko mai taswira, nan ne jikina ya ƙara sanyi. Najeriya jiha 19, babban birni Legas. Babu Katsina a matsayin jiha, tana cikin Kaduna, don sai 1987 aka cire ta. Babu Jigawa inda babansu ya fito, babu Yobe babu Kebbi, duk waɗannan sai 1991, shekarar da aka koma Abuja a watan Disamba. Jiha 36 ɗin da yara suke rerawa a makaranta sai 1996 ta cika. Burkina Faso ma da tsohon sunanta take, Jamus gida biyu, Tarayyar Sobiyet shimfiɗe a saman taswira. Da gasar ta biyo ta nan ai da abun ya fi haka muni.

Abun da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, yarinyar ce ta daina karatu. Sati uku ko kallon littafi ba ta yi, in na miƙa mata wani sai ta ce shi ma wa ya sani. Yaro in ya ga abu a rubuce da hoto mai kyau ya fi yarda da shi kan maganar uwarsa da malaminsa, ni kuma na ɗauki wannan yardar na jingina ta da littafin da ban duba shekararsa ba.

Yanzu in zan sayi littafin kimiyya ko mai taswira, shafin nan nake fara buɗewa kafin in tambayi kuɗi. Kuma a kula, akwai wayo a ciki, za ka ga an rubuta shekarar kwanan nan amma sake bugu ne kawai, rubutun ciki na da ne ba a taɓa shi ba, toh shekarar farko ake nema, ko a ga an ce an yi gyara. Sai in yi gwaji na biyu, in nemi Fuluto, in nemi Sudan ta Kudu a taswira tunda 2011 ta samu 'yanci, in ba ta nan na ajiye. Littafin dabbobi ko na jikin mutum yana iya tsufa bai yi ɓarna sosai ba, amma sararin samaniya da ƙasashe da kwamfuta, waɗannan ba a saya musu tsoho.

Na tarihi kuma matsalarsa daban ce, ba shekara kaɗai ba, wa ya rubuta kuma wa yake wa magana. A cikin jerin nan an rubuta cewa wani Bature mai suna Mungo Park ne ya gano kogin Neja a 1796. Ƙaramin ne ma ya tambaye ni, Umma da ba mutane a wajen? Na ce akwai mana, suna su, suna noma, suna tuƙa kwalekwale a kai tun kafin a haifi kakan kakansa. Afirka gaba ɗaya shafi kaɗan aka ba ta, Masar da dala, sai zuwan Turawa, shikenan. Ba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jihadin 1804, ba Nana Asma'u da ta koyar da mata ta hanyar waƙa, ba Muhammadu Rumfa da ya kafa kasuwar Kurmi. Na kai su Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, wata Asabar, abun da suka ɗauka a awa biyu ya fi duk kundin tarihin nan.

Na kimiyyar ma haka, yanayi huɗu da dusar ƙanƙara da ganye yana zubewa, yaron da ya san bazara da damina da kaka da hunturu sai ya zaci nasa ne ba daidai ba. Ba na cewa kar a saya na waje, dole a saya, na Hausa masu kyau a wannan fannin sun yi ƙaranci ƙwarai, amma sai a zauna tare a haɗa masa da abun da yake gani. Tauraruwar da littafi ya kira da sunan Turanci na fito da su tsakar gida bayan magariba na ce ga ta can, Zara matar wata.

Abun da ya dawo min da ita karatu ban zata ba. Wani siririn littafi ne na dabbobin zamanin da, irin manyan ƙadangarun nan da suka ƙare, sabon bugu, ko rabin kaurin waɗancan bai kai ba, kuma na karance shi tas da kaina kafin in ba ta. A ciki akwai wani da aka tono ƙasusuwansa a Gadufawa cikin hamadar Nijar, har sunan ƙasar aka saka masa, Nijasoras, bakinsa mai faɗi da haƙora wajen 500 yana kiwo a ƙasa kamar saniya. Ta ce Umma Nijar ɗin nan ta su Maraɗi? Na ce ita fa. Ta karɓa, sai na ga ta juya bango ta sa yatsa tana neman shekara tukuna, sannan ta koma gefe ta zauna da shi.

Sha biyun nan suna cikin kwali a saman wadirof. Ƙanwata ta ce in ba yaranta tunda ba ma amfani da su, na ce mata a'a, sai dai in ta yarda in zauna da jan biro in bi su shafi shafi, kuma har yau ban gama ko na farkon ba.